Tumbin nan nawa ne ni kaɗai

Ana cewa wasan Bakano da Badamagare ba ya ciwo. Ni dai ban yarda ba.

A shekarun saba'in ina aiki a wata masaƙa a Bompai, na yi sabon aboki, Ila, mutumin Damagaram. Kwano ɗaya muke ci, amma kullum sai ya tsokane ni da ƙaton tumbina, ya ce, "Jama'a ku yi sauri, Buhu ya zauna!" Har na koma tsame hannu da yunwata.

Rannan na ɗau abincina na koma gefe. Ya biyo ni.

"Haba Malam Sani, wasan gari ne fa."

Na ce, "To zagi Kano. Tumbin nan nawa ne ni kaɗai."

Washegari muka ci tare. Ya zage Kano tas, tumbina kuwa bai taɓa ba. Ranar na ƙoshi.

Ku fa, abokan wasanku sun san iyaka?