Gwangwanin Baba Mai Faci

Shekara ashirin da biyu Babanmu ya yi yana faci a gindin bishiyar da ke bakin ƙofar wata ƙungiyar agaji. Ya riga ƙungiyar zuwa wurin, kuma ba ya gajiya da faɗin haka. Kayan aikinsa ba su da yawa: famfon iska, bahon ruwa na neman huji, benci mai ƙafa uku da dutse a madadin ta huɗu, sai wani gwangwanin madara da muke zargin ya fi son sa a kan mu 'ya'yansa. Duk tayar da ta mutu sai ya yanke bawul ɗinta, wato bakin da ake ba ta iska, ya jefa a gwangwanin. Inna ta yi mita har ta gaji, tana cewa ko gado za a raba ba mai karɓar wannan tarkace.

Da wannan facin ya yi mini makaranta, har na zama sakatariya a cikin ƙungiyar. Kullum da safe in durƙusa in gaishe shi, in shige ofis mai sanyi, shi yana waje yana fama da tayoyi.

Sai aka kawo mana sabuwar shugaba daga ƙasar waje, mace mai kirki amma mai son tsari, har direbobi suka sa mata suna Uwar Doka. Satinta biyu ta ce dokar tsaro ta hana kowa zama a bakin ƙofa, mai faci ya tashi kafin ƙarshen wata. Ni aka ba takardar in buga in kai masa. Ban gaya mata cewa mahaifina ne ba, kunya ta hana ni, kuma har yau ina jin haushin kaina a kan haka. Baba ya sa na karanta masa, ya linke takardar ya sa a aljihu, ya ce ba komai. Amma ranar bai yi wa kowa tsiya ba, ko maigadi da suke tsokanar juna tun safe.

Saura kwana huɗu wa'adin ya cika, kwantena ta iso da kekunan guragu ɗari da ashirin, kyautar wasu bayin Allah daga ƙetare. Jibi za a raba, an riga an sanar da mutane, wasu ma sun taso daga nesa. Aka buɗe kwalaye, kekuna sabbi fil, tayoyi duk a sace don sauƙin lodi. Mai sito ya kawo famfo ya ɗora, iska ta dinga tsiyaya ta gefe. Bawul ɗin siriri ne kamar tsinke, ba irin namu ba, kuma masu kyautar ba su sako famfonsu ba. Aka zaga kasuwa ba a samu ba. Shugaba ta kira taro, masu digiri suka cika tebur, wani ya ce a rubuta wa masu kyautar, amsa za ta zo cikin wata guda.

Nan na miƙe, na ce mahaifina yana waje, a gwada shi. Ta tambaye ni wane ne mahaifina. Na ce wanda muka kora.

Baba ya shigo sito da gwangwaninsa a hammata, ya duba tayar sama da ƙasa kamar mai sayen akuya. Ya zaɓi tsohon bawul mai kauri, ya zare cikinsa, ya cusa guntuwar roba, ya ɗora shi a kan siririn, ya kafa famfo. Taya ta tashi tsaf. Mai sito ya yi tafi, direbobi suka dinga dariya suna ce masa injiniya. Shugaba ta ce madalla, a hura sauran da shi a gama.

Baba ya girgiza kai, ya dube ni. "'Yar nan, gaya mata yau na hura, to idan iska ta sauka a ƙauye wa zai hura musu? Kowane keke sai an ba shi nasa."

Wuni biyu ya yi a bencinsa yana haɗawa, yana ɗaura wa kowane keke guda da zare a ƙarƙashin kujera. Ɗari da ashirin cif, ko rabin gwangwanin bai ƙare ba. Ranar rabo ya tsaya yana nuna wa kowa yadda ake ɗorawa. Wata dattijuwa da aka ɗauko a baya ta hau nata, ta zaga tsakar ofis sau uku ta ƙi tsayawa, tana sa masa albarka da ƙarfi. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Washegari shugaba ta fito da kanta har gindin bishiya, ta ba shi haƙuri, ta ce an ware masa ɗaki a ciki mai fanka. Baba ya yi godiya ya ƙi. Ya ce ɗakin matakala uku gare shi, masu kekunan nan kuwa za su dawo neman faci.

Ta ce to ya ba ta takardar korar ta yage. Baba ya sosa ƙeya, ya laluba gwangwani ya zaro ta, duk ta yi baƙi da mai. Ashe da ita ya nannaɗe ragowar bawul ɗin.

"Ki bar min ita, ranki ya daɗe," in ji shi. "Takardar tana da ƙwari."

Har yanzu yana gindin bishiyar. Inna kuwa da kanta ta wanke masa sabon gwangwani.