Ranar da Inuwar Gawo Ta Juya

Ni dai an san ni da faɗa a kan goyo. In na ga mace ta fito da jariri tsakar rana kansa a buɗe, ko ban san ta ba sai na tsayar da ita na gaya mata abin da ba ta tambaye ni ba. Jikokina sukan ja ni gefe a kasuwa, wai ina ba su kunya. Su yi ta ja. Akwai abin da ban taɓa gaya musu ba, kuma gara in faɗe shi tun ina da sauran numfashi.

A shekara ta biyu ta babban farin nan na haifi ɗana na fari, a wani ƙauye tsakanin Bici da Shanono inda na yi aure. Ƙauye ne da gona ke manne da gona, ba ka samun taku ɗaya na ƙasa da ba shi da mai shi. Damina biyu a jere ruwa ya yi mana rowa. Gero ya fito, ya kai gwiwa, ya bushe a tsaye. Kafin bazara ta shigo an share rumbu da tsintsiya, muka koma cin dusa da busasshiyar rama. Mijina ya bi sauran magidanta birni cin rani, ya bar ni a hannun iyayensa, Baba da Inna.

Kada wani ya zaci zan kawo ƙarar uwar miji. Inna mutuniyar kirki ce, gajeriya, mai yawan dariya, in aka raba ɗan abin da aka samu sai ta tura mini rabin nata ta ce ai ta ci goro ya ishe ta, alhali rabonta da goro tun kaka. Yaron kuwa ta ɗauki son duniya ta ɗora masa. Sunan Baba aka sa masa, don haka "Maigidana" take ce masa. Tana rawa da shi a tsakar gida tana tsokanarsa, wai miji ne marowaci, wata huɗu da aure bai saya mata ko ɗankwali ba.

Ni kuwa "yaron nan" nake cewa, in ya zama dole in ce wani abu. A zamaninmu ba a nuna ana son ɗan fari. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka ki kau da kai sai wani ya ɗauko ya miƙo miki. Ina gidanmu wajen wankan jego mahaifiyata ta taɓa kama ni na zuba masa ido ina murmushi. Ta ranƙwashe ni a ka.

"Haka za ki je ki yi a gaban surukai?" ta ce. "A ce ban ba ki tarbiyya ba?"

Na koma ɗakina ban gama koyo ba. Wata rana ya ƙware da nono a hannun Inna, na yi wurgi da muciya na taho a guje. Matan gidan suka yi mako guda suna kwaikwayon gudun nan nawa, har maƙwabta suka ji labari. Ba mugunta ba ce, wasa ne, amma ni kamar in nutse. Daga ranar na ɗaure fuskata. Sai in na shiga ɗaki na saki labule nake ɗaukarsa in shinshina wuyansa, in lissafa 'yan yatsun ƙafarsa. Ina son yaron nan son da har yau ban san yadda zan faɗe shi ba.

Inna ta fi kowa tsoron rana a kan jariri. Da hantsi ya yi ba ta yarda a fito da shi daga rumfa. In ta goya shi za ta leƙa maƙwabta, sai ta kifa masa ƙwarya a ka, ta ɗaure da bakin majanyi, ka ga ƙwarya tana tafe tana rangaji a bayanta. In zafi ya tsananta ta jiƙa tsumma ta goge masa wuya da hammata saboda ƙuraje. Tana yawan cewa fatar jariri ba ta nuna ba tukuna, rana cinye ta take yi.

Sai rijiyoyin gari suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Mu da ko zaure ba ma leƙawa, kulle ya kwance da kansa, babu wanda ya ce uffan. Ruwa sai a busasshen rafi da ke arewa da mu, tafiya mai ɗan nisa. Maza sun tona ramuka a cikin yashi, zurfinsu ya kai ƙirjin mutum. Ruwa yakan tsattsafo a ƙasa kaɗan-kaɗan, ki jira ya taru ki kwasa da ƙoƙo, ki sake jira. Mu masu ƙuruciya mu ke shiga ramin, tsofaffi su tsaya a sama suna karɓa. Da asuba muke fita da yaron, don babu mai ba shi nono a gida, mu dawo kafin rana ta yi zafi.

Ran da abin ya faru mun tarar da mutanen wani ƙauye sun riga mu, su ma nasu ramukan sun ƙafe. Layi bai zo kanmu ba sai da hantsi ya wuce. A bakin rafin akwai gawo guda ɗaya. Gawo da rani yake ganye, shi ya sa makiyaya suka sassare shi don dabbobinsu, suka bar masa reshe biyu da 'yar inuwa da ba ta fi tabarma ba. Nan Inna ta shimfiɗa zanenta ta kwantar da shi, ta jingina faifai da dutse ta kare masa fuska, ta zauna tana yi masa fifita. Ni kuma na shiga rami. Baba yana can gefe kan tudu tare da wasu dattawa, suna tsaron jakuna.

Can sai faɗa ya kaure a ramin ƙarshe tsakanin wata matar garinmu da wata baƙuwa, kan wa ya riga wa. Har an fara cacumar gashi. Aka yi ta kiran Inna, don ita ce babba kuma ana jin maganarta. Ta duba yaron ta ga yana barci, ta gyara faifan, ta tafi rabo.

Kaina yana waje da ramin, kuma gawon bai fi taku talatin daga inda nake ba. A kan idona inuwa ta fara zamewa. Ta bar ƙafafunsa, ta bar cikinsa. Wata iska mai zafi ta taso ta kifar da faifan. Rana ta sauka a kan fuskarsa, ya farka ya tsala kuka.

Wata mata da ke karɓar ruwa a ramin kusa da nawa, irin masu bakin nan, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Amarya, ba naki ba ne yake kuka? Ko yau ba za a yi mana gudun ba?"

Duk suka juyo suna kallona, suna jiran abin dariya. Na ɗaga ido na ga dattawan da ke kan tudu, Baba a tsakiyarsu. Na sunkuyar da kai na ce, "Ya yi ta yi mana, ai kakarsa tana nan."

Aka yi shewa. Wata tsohuwa ta ce madalla, yanzu ta ga 'yar gidan tarbiyya. Su kuka kawai suke ji, kuma wane jariri ne ba ya kuka? Bayansu suka ba gawon. Ni kaɗai nake fuskantarsa.

Na sha juya wannan a raina shekara da shekaru. Ba sai na fita da gudu ba. Da na ce wa matar nan, "Don Allah gyara masa faifai," da ta gyara, ta ƙara da tsokana, shi ke nan. Da na ƙwala wa Inna kira sau ɗaya, da ta taho. Amma sai na ce a raina yanzu za ta dawo. Na kwashi ƙoƙo ɗaya na ce kafin na biyu ta dawo. Nono yana zuba yana jiƙa mini zane, na juya baya don kada a gani. Na cika tulu ɗaya, aka miƙo mini na biyu. Lokacin da aka ɗauka ya isa a ɗora tukunya, a tuƙa tuwo, a kwashe.

Sai kukan ya yi ƙasa, ya koma kamar na ɗan akuya, ya tsaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne daɗi na ji. Na ce ya koma barci, an daina kallona.

Salatin Inna ne ya fito da ni daga ramin. Na same ta durƙushe ta rungume shi. Kumatunsa sun yi jawur, leɓunansa sun bushe sun tsattsage, idanunsa a buɗe rabi amma ba kowa yake kallo ba. Jikinsa kamar tukunyar da aka sauke daga murhu. Inna ta fizgi tulun da na sha wahalar cikawa ta juye masa duka, ba wanda ya hana ta. Ta miƙo mini shi ta ce, "Ba shi, 'yar nan, ba shi!" A nan gaban Baba da dattawa da baƙi na zauna a kan yashi na sa masa nono, karo na farko da na yi haka a gaban mutane. Bai kama ba.

Muka dawo gida da shi a ƙarƙashin ƙwarya. Ungozoma ta zo ta shafa kansa ta ce maɗiga ce ta faɗa, ta kwaɓa magani ta shafe masa tsakar ka. Malamin gari ya aiko da rubutu. Duk abin da aka ɗiga masa a baki sai ya dawo da shi. Ba wanda ya ambaci rana sai Inna, ita ma a ƙasan maƙoshi.

Washegari da sassafe Baba ya ce a tafi ɗakin shan magani a Bici. Ya ɗora Inna a kan jaki da yaron a bayanta, ta lulluɓe shi da zane biyu, shi yana ja, ni ina biye a ƙasa. Ƙafarsa ɗaya ta leƙo ta ƙarƙashin majanyi, ita na yi ta kallo duk tsawon hanya. Tana ɗan motsi, tana ɗan motsi. Mun wuce wata tsamiya ke nan na ga ta saki, tana lilo yadda jakin yake tafiya.

A nan ma ban yi magana ba. Inna ce ta ji a bayanta. Ta ce wa Baba, "Malam, tsaya." Baba ya kwance goyon, ya duba, ya yi salati, ya rufe masa fuska. Ya juya kan jakin muka koma.

Kafin azahar maza sun kai shi. Mata suka cika tsakar gida suna yi wa Inna gaisuwa, don ita ce mai kuka. Uwar ɗan fari ba ta kuka a gaban mutane, ni ma ban yi ba. Ina zaune a bakin ƙofa ina jin ana yabona, wai yarinya ƙarama sai haƙuri da kunya, ko hawaye babu. Na tsani yabon nan, na tsani kaina da nake zaune ina karɓarsa. Mijina ya iso bayan kwana uku, ya ce Allah ya sa mai ceto ne, kwanansa ne ya ƙare. Bai tambaye ni komai ba.

Inna ta daina dariya. Ta rame fiye da yadda yunwa ta ramar da mu, in ta zauna sai ka ga tana shafa ƙwaryar nan a cinyarta. Ranar da aka cika kwana arba'in, da safe ina daka dusa, ta zo ta tsaya a gabana. Sai na ga ta durƙusa. Matar da ta haifi mijina, gwiwa biyu a ƙasa a gaban turmina. Na saki taɓarya na durƙusa ni ma, na ce, "Subhanallahi, Inna, mene ne haka?"

Ta kama hannuwana biyu.

"'Yar nan, ki yafe mini," ta ce. "Amana kika ba ni. Ni na kwantar da shi, ni na tashi na tafi rabon faɗan da ba nawa ba. Shekarata nawa a duniya, ban san inuwa tana juyawa ba? Ke kina cikin rami kina yi mana wahala, ba ki san abin da ake ciki ba. Ki yafe mini tun a nan, kada ki riƙe ni gobe kiyama."

Maganar ta zo mini har baki. Na kalli furfurar da ke leƙowa ta gefen ɗankwalinta, na ji tsoron yadda za ta kalle ni in na faɗa.

Na ce, "Ba komai, Inna. Na yafe."

Ta sa mini albarka har muryarta ta dushe. Ta yi shekaru masu yawa bayan nan, ita ta goyi duk 'ya'yan da na haifa daga baya, kuma duk azumi sai ta sake neman gafarata, ni kuma in sake ba ta. Har ta koma ga Allah ban gaya mata cewa daga cikin ramin nan ana hango gindin gawon sarai ba.