Tabarmata a Bakin Ƙofar Jikata

Ku matso kusa, 'ya'yana, ku ara mini kunnuwanku.

Lokacin muna zaune a unguwar Gudu a Abuja, bayan kasuwa, daga ni sai jikata. Tana aikin kwamfuta a wani ofis a Garki, ba a kai ga tabbatar da ita a aikin ba. Ran nan ta dawo ta ƙi taɓa tuwo. Wai ogansu ya ce ta zauna a gida ta gano abin da ke sa injinsu nauyi, in wata ya mutu ba ta gano ba, a sallame ta.

Na ce, "Me ke damun injin, 'yar nan?"

Ta ce, "Kaka, in na tambaye shi inda yake gajiya, sai ya kwaso mini rahoton kowane motsi, babba da ƙarami, har kawo rahoton ya ƙara masa gajiya. Mai gadi nake so in ajiye can cikin cikinsa, ya tace, ya sako abin da nake nema kawai."

Ban yi boko ba, amma na dubi gidanmu. Duk wadda ta yi sallama, sai yarinyar nan ta ture kwamfuta ta durƙusa, a tambayi gajiya, a tambayi mutanen gida, ta koma ta rasa inda ta tsaya.

Washegari na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofarta. Kowace gaisuwa a kaina take ƙarewa. Maƙwabciyarmu mai sayar da doya ta leƙo ta ce, "Mama, ina yarinya? Kin ɓoye ta?"

Na ce, "Gaishe ni sau biyu, zan kai mata ɗaya."

Ta yi fushi, ta zauna, muka ɓare gyaɗa har azahar. Wata abokiyar aikinta kaɗai nake bari ta wuce. Daga ciki ina jin ƙas-ƙas ɗin yatsunta, kamar yayyafi a kan kwano.

Wata la'asar ta fito tana dariya. "Tsohuwa, mai gadina ya kama aiki. Na ga inda ciwon yake."

Aka tabbatar da ita. Daga baya aka mai da ita Legas, yanzu ta waya muke gaisawa. Abokiyar aikinta ta yi aure a Garki. Mai doya ta koma ƙauyensu, Allah ya yi mata rasuwa. Ni kuwa har yau ina shimfiɗa tabarmar, kowa ya zo ina ce masa ya shiga.