Uwar Ayu Da Ɗanta A Fadamarmu

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa waɗanda yau ko an tuna mini sai na yi dogon tunani kafin in gano su. Amma shekarar da ayu ta maƙale da ɗanta a fadamarmu, wannan kam tana nan daram a zuciyata har in koma ga Mahaliccina.

Ni manomin albasa ne a wani ƙauye tsakanin Jega da Maiyama, gab da gulbi. Fadamar ta gado ce, ni da yayana muke nomanta tare. A daminar shekarar gulbi ya yi cikar da ta shanye gero da shinkafar mutane da dama. Da ruwa ya fara janyewa, sai ya bar wani tabki mai zurfi a ƙasan fadamarmu, ɗan tudun laka ya raba shi da gulbi. Mu kam murna muka yi, ga ruwan ban-ruwa an kawo mana har gona. A kan wannan tudun muka zuba irin albasarmu, ya tsiro kore shar, saura kaɗan a fara dashe.

Wata safiya na je tayar da injin ban-ruwa, sai na ga ciyawar bakin tabki duk an cinye ta, kamar an bi ta da lauje. Na ce shanun Fulani ne, na duba laka, babu sawun kofato ko ɗaya. Ina tsaye sai na ji wani huci, fuuu, kamar na mutumin da ya sauke kaya mai nauyi. Kafofin hanci biyu suka ɓullo a kan ruwa, sannan faffaɗan baki mai gashi tsilli-tsilli, da 'yan idanu ƙanana. Dabbar ta juya a hankali, na ga baya toka-toka, ya fi na bijimi faɗi, da wutsiya kewayayya kamar faifai. Tun ina yaro nake jin labarin ayu a bakin masunta, ban taɓa zaton zan gan ta da idona ba.

Kafin hantsi bakin tabki ya cika maƙil. Kowa ya san darajar naman ayu, balle mansa da ake nema don magani har daga garuruwa masu nisa. Yayana ya zo yana dariya har kunne, ya dafa kafaɗata ya ce, “Ƙanena, abin da gulbi yac ci muna, ga shi ya biya mu!” Shi da kansa ya aika aka kira sarkin ruwan yankinmu, wani dattijo Basarke, wato ɗan ƙabilar masunta, ya iso da zagonsa, mashin nan mai ƙugiya da igiya da suke farautar manyan dabbobin ruwa da shi.

Dattijon ya tsuguna ya daɗe yana kallon ruwa, ni kuma ina kusa da shi. Can sai uwar ta taso ta ɗan karkace, muka ga wani ƙaramin kai a manne da hammatarta. Ɗa ne, yana shan nono a inda jariri yake kama uwarsa, ita kuma ta sa ɗan hannun nan nata mai kama da filafili ta tallafe shi. Matata a lokacin tana goyo, kuma da safen nan na baro ta a zaune haka, da yarinya a ƙirji.

Dattijo ya ce a hankali, “Shayarwa takai.” Ya dube ni. “Tabki cikin gonarku shike, magana taku ta. In kun ce in soka, ni soka. Amma ɗan ba shi kwana biyu bayanta.”

Na miƙe na ce, “Baba, aje zagon. Ba a taɓa ta.”

Wuri ya kaure da surutu. Yayana ya matso, fuska a murtuke. “Mi kac ce? Kai kaɗai ad da gadon Baba?”

“Yaya, ba ni kaɗai ba ne, kuma ban taɓa tsallake maganarka ba. Amma wagga dabba, in dai ina tsaye, ba a yanka ta a ƙasar mahaifinmu.”

Ban yi shawara da kowa ba, ban kuma ji ɗigon shakka ba.

Sai dai hana kisa bai isa ba. Tabkin kullum raguwa yake, ciyawa ta kusa ƙarewa. Dattijo ya ce hanya ɗaya ce, a haƙa mata magudana zuwa gulbi. Ya taka ya nuna wurin da ya fi kwari, kuma wurin ya ratsa tsakiyar irin albasarmu. Yayana ya kaɗa riga ya tafi gida. Yawancin 'yan kallo suka bi bayansa, suna cewa ruwa ya taɓa mini kai.

Na ɗauki shebur na kafa a cikin irin da na yi makonni ina reno. Ba zan ɓoye ba, saran farko ya yi mini zafi. Dattijo ya kira masuntansa, wasu maƙwabtan gona ma suka tuɓe riguna suka shigo. Muka wuni muna haƙa, washegari muka ɗora, laka har gwiwa, ƙamshin ɗanyar albasa da muke tattakewa yana tashi. Bayan azahar muka fasa bakin magudana, ruwa ya haɗu.

Masunta suka shiga da taru suna matso da su sannu a hankali. Uwar ta shiga magudana, cikinta na gogar ƙasa, ta yi ta jan jiki har ta kusa kai gulbi. Amma lakar da ta ture ta taru a bayanta, ɗan ya zo ya kafe a kai, rabin bayansa a waje, yana wani ɗan kuka siriri kamar na tsuntsu. Da ta ji shi sai ta tsaya cak. Ga gulbi a gaban hancinta, ta ƙi shiga, tana ta ƙoƙarin juyawa a wurin da ba ya juyuwa, gefen magudana na zubowa a kanta.

Na faɗa cikin laka na rungumi ɗan. Fatarsa kauri gare ta, ga santsi, ga nauyi kamar buhun gero jiƙaƙƙe. Mu uku muka tura, ko motsi. Dattijo yana ta kira, “Ruwa ya yi kaɗan! Ku watsa mai ruwa, kar rana ta gasa shi!”

A nan na hango yayana ya sunkuci injin ban-ruwanmu a kafaɗa. Na ɗauka rabonsa ya zo ɗauka. Sai na ga ya dire shi a bakin gulbi, ya jefa tiyo, ya ja igiya. Ya riƙo bakin tiyon ya nufo mu, ya saki ruwa a kan tulin lakar. Bai dube ni ba, ya dai daka tsawa, “To ku tura mana, kun tsaya kuna kallona!”

Laka ta narke, muka tura, ɗan ya sulale ya bugi wutsiyar uwarsa. Ta shafa shi da baki, sannan ta ja gaba yana manne da ita. Ruwan gulbi ya rufe su. Can tsakiya muka ga hanci manya da ƙanana sun ɓullo tare, suka yi huci, suka nutse. Ba mu ƙara ganinsu ba.

Kada mai karatu ya zaci wata sa'a ta biyo baya. Sai da muka je Aliero neman iri, muka yi dashe a makare, albasar shekarar ta zo ƙanana, kuma tabkin ya tsiyaye ta magudanar da na haƙa da hannuna. Yayana ya daɗe yana amsa gaisuwata a taƙaice. Na sha zolaya a kasuwar Jega, har ana ce mini mijin ayu. Ko sau ɗaya ban yi da-na-sani ba.

Abin da na koya shi ne, tausayin da bai ci maka komai ba, kowa ma yana da shi. Na gaskiya sai ka sa shebur a cikin shukarka. Kuma in ka tabbata kana kan daidai, ka tsaya ko kai kaɗai ne, domin wani lokaci wanda ya fi kowa faɗa da kai jira yake ya ga ko da gaske kake.