Ƙirjin Yaya da Kunnen Farfesa

Yayata tela ce, kayan 'yan makaranta take ɗinkawa a ɗan ɗakin da ke jikin kicin. Mijinta kuwa Farfesa ne, likitan zuciya. Ya ƙarar da rayuwarsa a kan 'yan ƙofofin nan na cikin zuciya, masu buɗewa jini ya wuce, su rufe kada ya dawo. An ce da ya ɗora abin sauraro a ƙirjin mutum zai faɗi ƙofar da ta tsuke da wadda ke yoyo, tun ba a ɗauki hoto ba. Ya rubuta littattafai, ya naɗi sautin zukatan marasa lafiya ana koyarwa da shi, kuma kusan duk likitan zuciyar da ke garin ta hannunsa ya biyo. Ni dai nakan tsokane shi in ce, "Farfesa, ka san ƙofar zuciyar kowa, amma ƙofar kicin ɗinka sai an nuna maka."

Yaya ce ta riƙe gidan. Ita ta raini yara, ita ke ciyar da ɗalibansa da ke cika falo ran hutu suna ce mata Mama. Har fararen rigunansa na aiki ita ke ɗinkawa, ta faɗaɗa aljihun don abin sauraron ya shiga.

Bayan ya yi ritaya kunnensa ya fara nauyi, ita ce kuma ta fara lura. In baƙo ya yi magana, sai ta maimaita da ƙarfi kamar mai mamaki: "Ka ji fa, Malam, wai an ƙara masa girma!" Shi kuma ya amsa daidai. Da na ce a saya masa na'urar ji, harara na sha.

"Mutumin da duniya ta sani da kunnensa? Ki bar shi da mutuncinsa."

Ana nan sai Yaya ta fara haki. Ta ɗan taka keken ɗinki, ta tsaya tana neman numfashi, ƙafafu duk sun kumbura. Farfesa ya ɗauko abin sauraronsa, ya lumshe ido yadda ya saba, ya daɗe, sannan ya ce gajiya ce, ta rage ɗinki. Ta ce, "To, Malam."

Da ƙarfin tsiya na ja ta asibiti. Likitan na ganinta ya miƙe, ya russuna, ya tambayi lafiyar malaminsa.

"Malam ya saurari ƙirjin, Mama?"

"Ya saurara."

"To ni wane ne? Ai shi ya koya mini ji."

Ya rubuta maganin ƙarin jini, har da rako mu bakin mota. Likita na biyu da na kai ta wajensa ma hakan ya yi. Wallahi kamar in kwaɗa musu mari. Girman malaminsu ya toshe musu kunne su ma.

A hanyar gida na kasa haƙuri. "Yaya, kin san fa ba ya ji!"

"Na fi ki sani."

"Shi ne kika yi shiru?"

"In aka gano abin da ya wuce shi, gobe duk ɗalibansa sun sani. Me zai rage masa?"

"Ke za ki rage masa mana!"

Ta juya tana kallon titi.

Wata safiya ta faɗi a gindin keken. Wadda ta karɓe mu a asibiti ɗalibar Farfesa ce ta ƙarshe, ita ba ta tsaya tambaya ba. Tana ɗora abin sauraro na ga fuskarta ta canza. Hoto ya nuna ƙofa ɗaya ta tsuke tun tuni, zuciyar ta jigata, lokacin yin aiki ya wuce. Yaya ta kama hannun likitar, da ƙyar take magana. "'Yata, kada ki gaya wa Malam da kunne kika ji. Ki ce na'ura ce ta gano."

Ba ta kai wata ba. Allah ya jiƙanta. Na yi kuka, na kuma ji haushinta, har yau ban san wanda ya fi yawa ba.

Ɗalibansa suka cika falon nan da gaisuwa. Ni ko kallonsa ba na son yi. Can sai ya yafito likitar, ta zo ta durƙusa gabansa.

"Me kika ji a ƙirjinta?"

"Malam, hoto ne ya nuna..."

Ya duba bakinta, ya girgiza kai. "Ba hoto na tambaye ki ba."

Ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba, ta faɗa a hankali cewa sautin a fili yake, ko sabon ɗalibi zai ji shi. Falon ya yi tsit, kowa ya ji, ban da mutum ɗaya. Farfesa ya matso, ya kai hannu bayan kunnensa a gaban duk waɗanda ya koyar.

"Ɗaga murya, 'yata," in ji shi. "Na daɗe ba na ji."