Ranar da na ja rigar Baba a masallacin Deira

Baba ya zo wurina Dubai aikin ido, kafin zuwan korona. A lokacin ina aiki a wani ofishin kago, masu aika kaya gida, a unguwar Port Saeed, muna zaune da iyalina a ɗan falat mai ɗaki biyu a Deira. Muka ba shi ɗaya.

Wanda bai san Baba ba, bari in gaya masa. Ba liman ba ne, tsohon malamin firamare ne. Amma a masallacin unguwarmu a Kano ba a watsewa bayan la'asar sai ya miƙe ya yi nasiha. Ya fara da masu tauye mudu, ya bi ta kan matasa, ya dire a kan gwamna. Kowane gwamna kuwa, ba ya ware na jam'iyyarsa. Tun ina yaro maganarsa ɗaya ce: raba addini da mulki ne ya kashe mu, ranar da hukuma ta riƙe addini hannu bibbiyu za mu ga daidai.

To, sai ga shi a garin da hukuma ta riƙe addinin. Masallaci a kowane lungu, ga sanyi, ga darduma mai taushi, liman da ladan duk hukuma ke biyansu, Juma'a babu aiki. Kai, na sha gori!

"Ka gani ko, ɗan boko? Kai ne mai cewa ba zai yiwu ba."

"Na gani, Baba."

Daɗi nake ji, wallahi. Na daɗe ban ga fuskarsa a sake haka ba.

Wata Juma'a wani abokina ɗan Nijar da ke zaune a Muhaisnah ya zo cin abinci. Baba yana jin Larabci, sai ya tambaye shi a kan me limaminsu ya yi huɗuba. Ya ce haƙƙin maƙwabci. Baba ya ce namu ma haka. Suka gwada aya, ita ce. Hadisi ma shi ne.

"Ikon Allah! Limaman garin nan bakinsu ɗaya."

"Ai Baba, takardar ce ɗaya," in ji abokina. "Daga ofis ake aiko musu da ita."

Baba ya tsaya da loma a hannu, sannan ya ci gaba da cin abincinsa.

Bayan an yi masa aikin ido, muka yi la'asar a wani ƙaramin masallaci bayan shagunan sari, inda fataken gida suke cika sahu. Hausa ta ko'ina, har jikinsa ya ba shi a Kano yake. Ana sallamewa na ji gyaran muryar nan da na sani. Ya miƙe.

"Jama'a, a ɗan dakata."

A nan ba ka buɗa baki ka yi wa'azi a masallaci sai da izinin hukuma. Ni na kawo shi ƙasar, kuma aikina da makarantar 'ya'yana duk a kan bizata suke rataye. Ban san lokacin da na kama gefen babbar rigarsa na ja ba. Ni, ɗansa, a gaban mutane.

Ya juyo ya dube ni da idon da ba a naɗe ba. Ya zauna.

Muka koma gida. Sai da matata ta ajiye shayi ta fita ya yi magana.

"Da ka bar ni, me za a yi?"

"Ana iya korar mu, Baba. Duk gidan."

"To idan mai mulki ya kauce, wa zai gaya masa?"

"Baba, a hankali, bangon nan ba shi da kauri."

Sai ya fashe da dariya, har yana dafe bandeji. "Shekara talatin ina roƙon Allah abu, ashe da bakina za a haɗa a tafi."

Ya ƙara sati uku tare da mu. Kullum muna zuwa masallacin nan, kullum ana sallame la'asar ina ganin gwiwarsa tana motsi, sai ya ciro carbi ya sunkuyar da kai. Mutumin da sojoji ma ba su rufe masa baki ba a zamaninsu. Na ji tausayinsa, na kuma ji wani irin daɗi da har yau nake jin kunyar faɗa. Duk yarintata ina zaton nasihar nan ta fi mu daraja a wurinsa.

Ranar tafiyarsa, a filin jirgi, na fara ba shi haƙuri a kan rigar. Ya katse ni.

"Bar shi. Ba don hukuma na yi shiru ba."