Malam Rabo ma'auni da agogon asibiti

Duk wanda ya taɓa sayen gero a layin 'yan hatsi na kasuwar Dutsin-Ma ya san Malam Rabo ma'auni. Mutumin Tamawa ne ta ƙasar Kurfi, gajere, mai faɗan tsiya idan aka taɓa masa tiya. Ni ɗinkin buhu nake yi a rumfar da ke jikin tasa, saboda haka wannan labari ba ji na yi ba, gani na yi.

Tun yana saurayi yake yi wa Alhaji Badaru awo. Hatsi na Alhaji ne, hannu na Rabo. Ba shi da gonar kirki, ba shi da babur, abin taƙamarsa ɗaya ne a duniya: bai taɓa tauye mai saye ba, bai taɓa cutar mai kaya ba. Ko surukarsa ce ta zo awo, abin da zai zuba wa baƙo shi zai zuba mata, ta yi ta mita har gida.

Shekarar da hannunsa na dama ya fara rawa, kowa a layinmu ya zama likita. Wannan ya ce shayi ne ya yi masa yawa, wancan ya ce iska ce. 'Yarsa Hamdiyya, wadda ke koyarwa a Katsina, ita ta gaji da mu ta kai shi asibiti. Aka ce ciwon Fakinsin ne, ba ya warkewa amma ana lallaɓa shi da magani. Aka ɗaura masa wani baƙin agogo mai lura da rawar hannu, yana aika rahoto wayar Hamdiyya don likita ya duba. Idan lokacin shan magani ya yi kuma sai agogon ya kama kuka. Rabo ya tsani agogon nan. "Ɗan rahoto ne," in ji shi. "Ko atishawa na yi sai ya kai ƙarata Katsina."

To, kowa ya san idan aka girgiza tiya hatsi yakan zauna, ta ƙara cin wani. Shi ya sa masu saye ke roƙon a ɗan girgiza, ma'auna kuma su yi kunnen uwar shegu. Ga hannun Rabo yanzu yana yi ba a roƙe shi ba.

Hajiya Yahanasu mai fura ce ta fara ganewa, matar da ko allura ta faɗi a kasuwa sai ta san mai ita. Ta lura dab da kukan agogo rawar ta fi ƙarfi, in ya sha magani aka jima sai hannun ya kwanta. Kafin wata ya ƙare duk masu furar garin sun haddace lokutan maganin Rabo fiye da shi kansa.

"Malam Rabo, agogon ya yi kuka?"

"Tun ɗazu, Hajiya. Na sha."

"Allah shi ƙara sauƙi. Bari in leƙa wajen 'yan manja in dawo."

Sai hannu ya sake tashi za ka gan su sun yi layi da kwanoni. Shi kuwa bawan Allah har ƙafa yake ɗorawa kan ƙafa, yana ce mini mutane sun fara sanin darajar mai gaskiya.

Alhaji Badaru ya ga buhu na ƙarewa da wuri. Ya zo ya zauna yini guda yana kallo. Da Hamdiyya ta zo hutu ya sa ta nuna masa wayar. Wani zane ne a ciki, inda hannu ke rawa ya yi tudu-tudu, inda ya kwanta ya miƙe sumul. Na zaci Alhaji zai yi faɗa. Ina! Murmushi ya yi irin na ɗan kasuwar da ya hango riba.

"Rabo, ai wanga ciwo naka alheri ne. Lokacin da hannu ya kwanta ka sayar mani nan. Ranar kasuwar Kurfi kuwa, ka ɗan jinkirta maganin, ka auno mani daga hannun manoma."

A nan Rabo ya san abin da layin masu fura ke nufi. Ya dubi tiyar, ya dubi hannunsa da ke ta kaɗawa a kan gwiwa. Ni da na sha dariyar abin a ɓoye, wallahi tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Manoman da ake cewa ya auna a Kurfi kuwa 'yan Tamawa ne, da su ya yi wasan ƙasa.

"Alhaji," ya ce, "abin da ya wuce ban sani ba, ka yafe mani. Amma ciwon nan Allah ya ɗora mani shi. Ba ni ba da hayar shi."

Tun daga ranar, da ya ji hannu ya fara sai ya kife tiya, ya danne hannun da cinya, ya kama hira. Hajiya Yahanasu ta yi fushin mako guda ta dawo, don ko ba girgiza awonsa ya fi na kowa cika. Alhaji ya kawo wani ma'auni, Sabitu, yana riƙe sauran lokutan, abin da Rabo ke samu ya ragu sosai. Bai taɓa kai kuka wurin kowa ba.

Da Sallar da ta wuce Hamdiyya ta sake buɗe masa zanen a gabana. Wuraren da suka miƙe sumul sun fi na bara gajarta, ko ni da ban yi boko ba na gani. Rabo ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa mata wayar.

"Ranar da kika ga sun ƙare, ki faɗa mani a gida, kada Alhaji ya riga ni sani. Da ƙafata nike son in kai mashi tiyar."